Me Ya Sa 'Yar Aikinki Ba Ta Zama?

Duk inda mata suka haɗu a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, gidan suna ne ko walima, sai kin ji ana kuka da 'yan aiki: "Yaran yanzu ba sa zama, wata biyu sun tattara komatsansu." To ke da kika sauya uku a shekara guda, kin taɓa tambayar kanki ko laifin nasu ne su kaɗai?

Za ki ce ai kina biyanta. Gaskiya ne, amma nawa? A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Kano ta sa 71,000. Dokar ba ta hau kan mai 'yar aiki ɗaya ba, sai dai tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ba ta tsallake gidan iyayen yarinyar nan ba.

Kuɗin ma sau da yawa ba hannunta suke shiga ba, dillaliya ke karɓa ta kai ƙauye. Abin da ita ke gani shi ne riƙonki. Tana cin abin da yaranki suka ci, ko sai ƙanzo? Ina take kwana da hunturu? In zazzaɓi ya kama ta, kina kai ta asibiti ko cewa kike lalaci ne? Bayan wanke-wanke da raino da aiken kasuwar Tarauni, tana samun zuwa Islamiyya?

Ki sani labarin gidanki yana riga ki isa ƙauye. In sun je Sallah suna hira, kowace ta san gidan da ake duka da wanda ake ɗinki. Shi ya sa wata ke nema har ta gaji, maƙwabciyarta kuwa ƙanwar tsohuwar 'yar aikinta ake roƙo ta ɗauka.

Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Albashi ladan aikinta ne kawai, mutuncinta kuwa amana ce da za a tambaye ki.

Yau da dare ki leƙa inda take kwana. In ba za ki yarda 'yarki ta kwana a nan ba, ki gyara. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙi, amin.