Ciniki a Kan Ciwo: Ina Iyakar Ribar Mai Magani?

Akwai wata tambaya da ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kantin magani da takardar likita a hannu, yana lissafin abin da ke aljihunsa. Tambayar ita ce, shin ya dace mutum ya nemi arziki ta hanyar ciwon ɗan'uwansa? Manomi da yunwarmu yake samu, tela da buƙatarmu ta sutura, magini kuwa da tsoronmu na ruwa da rana, kuma babu mai ganin baƙinsu. To, me ya sa in an zo kan mai magani sai zuciya ta yi ɗar, a fara kallon ribarsa kamar wadda ke da ƙura a jiki?

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa, wato cewa mai magani ya cancanci lada. Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya san haka. Wanzami da ungozoma da maɗori duk suna da rabonsu, ko na kuɗi, ko na hatsi da goro, ko wani kaso na ragon suna. Ya kuma tabbata cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, ya biya mai ƙahon ladan aikinsa. Likitan zamani sai ya share shekara shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, kafin a sakar masa mara lafiya. Wanda duk ya ce irin wannan mutum ya yi aiki kyauta, to a fakaice cewa yake yi kada kowa ya sake koyon aikin. Saboda haka ladan kansa ba shi da laifi. Gardamar tana kan yawansa da kuma hanyar da aka bi aka same shi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da yadda cinikin magani ya sha bamban da sauran ciniki. In ka je sayen akuya a kara, kana iya tayawa, mai ita ya ce albarka, ka juya ka tafi abinka, ka dawo wata kasuwar. Kana kuma iya duba haƙoranta, ka ɗaga ta ka ji nauyinta. Amma uban da ɗansa ke kwance yana suma ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba zai iya fasawa ba, ba zai iya jira ba, kuma bai san abin da ke cikin kwalbar ba, sai abin da aka gaya masa. Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Cinikin da ɗaya ke riƙe da sani da kaya, ɗayan kuma ke riƙe da tsoro kawai, sunansa ciniki, amma ma'auninsa a karkace yake tun kafin a fara awo.

Su ma manyan kamfanonin harhaɗa magunguna suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare su. Cewa suke yi samo sabon magani yakan ci shekara goma ko fiye, ya lashe maƙudan kuɗi, kuma cikin kowane magani goma da aka kai ga gwadawa a jikin mutane kusan tara faɗuwa suke yi. Don haka wanda ya tsira dole ya biya hasarar waɗanda suka faɗi. Wannan ne ya sa doka ta ba mai ƙirƙira haƙƙin mallaka na shekara 20, ta yadda babu mai yin irin maganinsa sai da izininsa. In aka hana riba, in ji su, babu mai zuba dukiyarsa a bincike, marasa lafiyar gobe kuma su ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Magana ce mai ƙarfi, domin galibin magungunan da muke sha a yau ta wannan hanya suka fito.

Amma fa a gwada hujjar da abin da ya faru a kan cutar ƙanjamau. A 1996 aka samo haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar, har masu ita a Turai da Amurka suka tashi daga gadon mutuwa suka koma bakin aiki. Sai dai kuɗin maganin shekara guda ya kai dala 10,000 ko fiye, alhali mafi yawan masu cutar suna Afirka. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar da za ta ba ta damar samo magani mai rahusa, kamfanoni 39 suka ja da ita a gaban kotu, shari'ar da aka soma a 1998. A Fabrairun 2001 sai Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai sayar da irin wannan haɗin a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilu kamfanonin suka janye ƙararsu, a watan Nuwamba kuma ƙasashen duniya suka amince a Doha cewa haƙƙin mallaka ba zai hana wata ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. Abin lura shi ne, bayan faɗuwar farashin binciken maganin ƙanjamau bai tsaya ba, sababbi ma suka ci gaba da fitowa. Ashe tsadar da aka ɗora wa talakan Afirka ba ita ke riƙe da binciken ba, domin dama can ba shi da abin saye. Shekarun da aka ɓata ana ja-in-ja, da rayuka aka biya su.

Wani zai ce to ai maganin abin shi ne masu bincike su zama masu tausayi. Tarihin insulin, allurar masu ciwon sukari, ya nuna tausayin mutum ɗaya ba ya wadatarwa. A 1921 aka gano ta a Toronto ta ƙasar Kanada, a 1923 kuma Frederick Banting da Charles Best da James Collip suka sayar wa jami'ar garin haƙƙin mallakarta a kan dala ɗai-ɗai, don kada tsada ta raba ta da mabuƙata. Duk da haka, da maganin ya cika shekara 100 a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa, kuma kusan rabin masu nau'in ciwon sukari na biyu da ke buƙatarsa ba sa samu.

Akwai kuma misali mai daɗin ji. Maganin ivermectin, wanda Satoshi Omura na Jafan da William Campbell suka samo, da fari don dabbobi aka sayar da shi a 1981, aka kuwa sami riba mai yawa. Da aka gano yana maganin cutar makantar nan da wani ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi ke yaɗawa, sai aka tarar masu cutar manoma ne da masunta waɗanda ba su da kuɗin saye. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da shi kyauta ga duk mai buƙata har sai an ga bayan cutar, kuma a Janairun 2025 aka tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da ita. Wannan abin yabo ne, amma akwai abin tunani a ƙarƙashinsa. Kasuwa ta san da saniyar mai kuɗi kafin ta san da idon talaka, kuma da shugabannin kamfanin sun ga dama sun ce a'a, babu dokar da za ta tilasta su. Lafiyar al'umma kuwa ta fi ƙarfin a rataye ta a kan ganin damar wani.

Kada kuma mu yi ta nuna Turawa da yatsa mu manta da gida. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa, ɗaya jabu ne ko kuma marar inganci. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta karɓi ragamar hukumar NAFDAC a 2001, ta sha faɗin cewa jabun insulin ne ya yi ajalin 'yar'uwarta, kuma yaƙin da ta yi da masu wannan sana'a ya kai har an buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003. Ƙasa da wannan akwai ƙananan laifuffukan da muka saba da su har muka daina gani: mai kemis da zai yi wa yaro allura don ta fi ƙwaya tsada, da mai tallan magani a tashar mota da ke cewa kwalba ɗaya tana maganin cuta goma, da ma'aikacin da zai karkatar da mara lafiya daga asibitin gwamnati zuwa nasa. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su da babban kamfani, domin kowannensu rashin sanin mai ciwo ya mayar jari.

To, ina iyakar take? A ganina guda uku ce. Ta farko, ribar ta fito daga warkarwa. Wanda samunsa ke ƙaruwa in ciwo ya daɗe, ko in an sha abin da ba a buƙata, ya bar sana'ar magani ya shiga wata. Ta biyu, kada farashi ya zama katanga tsakanin mutum da ransa alhali ana iya sauke shi ba tare da mai kaya ya karye ba. A ci riba a wurin mai hali, a sassauta wa marar shi, hukuma kuma ta tsaya a tsakani da doka da inshorar lafiya. Ta uku ita ce gaskiya, wadda ta fi sauran nauyi. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka dai sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Ko wane ne mai gaskiya, zargin ya zauna a zukata, yana kuma cikin abubuwan da aka riƙa ambata da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Amana in ta karye a harkar magani, har waɗanda ba a haifa ba sai sun biya.

A azuzuwanmu na kimiyya, in ka tambayi ɗalibai abin da suke son zama, mafi yawa likita za su ce maka, ko mai harhaɗa magani, iyaye kuma suna ƙarfafa musu gwiwa saboda aiki ne mai kuɗi da martaba. Babu aibi ga yaro ya so rufin asiri. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu gaya masa tun yanzu cewa wanda zai zo gabansa ba zai iya tayawa ba, ba zai iya fasawa ba, ransa zai ɗauko ya damƙa masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne ya faɗa wa mara lafiya gaskiya, ya ba shi abin da zai warkar da shi, ya karɓi abin da zai iya kallon idonsa gobe ba tare da kunya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa masu jinyarsu su ci halaliyarsu.