Fatawa: Ɗaurin Aure Ya Faɗo Ranar 14 Ga Fabrairu

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ne waliyyin 'yar ƙanena a Hunkuyi, ƙaramar hukumar Kudan. Mun sa ranar ɗaurin aurenta da wani yaro ɗan Makarfi Asabar ɗin ƙarshe ta Sha'aban, don ta tare kafin azumi. Daga baya aka lura ranar ta dace da 14 ga Fabrairu, wadda ake ce wa ranar masoya. Gwaggonta da ke aure a Ikara ta ce ba da ita ba, wai ranar la'ana ce, auren da aka ɗaura cikinta ba ya ƙarko, kuma duk wadda ta sa ja a ranar ta bar Musulunci. Ga shi ankon ƙawaye ja ne, har an ɗinka. Su kuwa ƙawayen murna suke yi, wai auren wannan rana ba ya mutuwa, kuma budurwar da ba a yi wa kyauta a ranar ba za ta yi kwantai. Mu ɗaga ko mu bari?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa: Alhaji, kada ku ɗaga. Aure a mazhabarmu ta Malikiyya yana tsayuwa da waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai, matuƙar babu abin da ya hana, kamar idda ko ihrami. Kwanan wata ba ya cikin sharuɗɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne, Gwaggo da ƙawayen amarya, duk da suna ganin sun yi hannun riga, abu ɗaya suke faɗa. Dukansu sun yarda cewa ranar tana da iko a kan aure. Wannan ta ce tana kashe shi, waɗancan suka ce tana raya shi. To ba ta da ikon ko ɗaya. Ranar nan manomin Kudan zai yi wa tumatirinsa ban-ruwa, a loda rake a Makarfi, rana ta faɗi kamar kowace Asabar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsu da mujiya da watan Safar. Larabawan Jahiliyya sun camfa aure a Shawwal, sai ga shi Nana A'isha a Shawwal aka ɗaura nata, a Shawwal ta tare, har ta riƙa so matan danginta su tare a cikinsa. Mu ma muna da namu: Larabar ƙarshen Safar, kukan mujiya a kan katanga, gudun aure tsakanin idi biyu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yaƙi irin wannan a Nurul Albab, inda ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari da kukan tsuntsaye. Bai kamata mu ƙaro sabuwar baƙar rana a kan waɗanda har yau ba mu gama rabuwa da su ba.

Abin da ƙawayen ke faɗa kuwa camfi ne ɗan aro. Asalin ranar tunawa ce da wani limamin Kirista, Balantain, da aka kashe a birnin Rum wajen shekara ta 270. Labarinsa bai tabbata sosai ba ko a wurin masu shi, shi ya sa cocin Katolika ta cire ranar daga kalandarta ta gama-gari a 1969. Soyayya ta shigo ne daga baya, a Ingila, cikin ƙarni na 14, bisa zaton cewa a ranar ne tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. Daga nan 'yan matansu suka riƙa cewa namijin da budurwa ta fara gani da safe shi ne mijinta, suna maƙala ganye a matashin kai don su yi mafarkinsa, suna duba irin tsuntsun da ya gitta don sanin mai kuɗi ne ko talaka. Wannan fa shi ne duban tsuntsun da Annabi ya hana, ya dai zagayo ta Turai ya shigo mana ta wayar hannu. A faɗa wa yaran nan: miji arziki ne, kuma arziki ba ya jiran Fabrairu.

Game da bikin ranar masoya kansa, mafi yawan malamai sun hana shi, cikinsu har da Shaikh Ibn Usaimin da kwamitin fatawa na Saudiyya, saboda asalinsa na addinin wasu, da hadisin Anas a Abu Dawud kan ranaku biyu na wasa da mutanen Madina ke da su, waɗanda aka musanya musu da idi biyu. Darul Ifta ta Masar ta sassauta, tana ganinsa al'ada, muddin babu saɓo. Ni ina tare da masu hanawa, don na ga abin da yake jawowa: keɓewar saurayi da budurwa, da bashin da yaro ke ci don ya burge. Sai dai hanin yana kan wanda ya nufi raya ranar. Ku ba ita kuka nufa ba, azumi kuka duba.

Saura maganar ja. Launi halal ne ga mata, ranar nan da kowace rana. Wadda ta sa shi don anko ba ta da laifi. Wadda ta sa shi da niyyar bikin ranar masoya ta yi kuskure, a yi mata nasiha. Amma kafirta Musulma a kan atamfa magana ce mai nauyi, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kalmar tana komawa kan mai faɗinta idan wanda aka jefa bai cancanta ba. Ka je Ikara da kanka, kada ka yi aike. Kishin addini ne ya ɗebi Gwaggo, ka lallashe ta, ka tuna mata cewa amsa gayyatar walima umarni ne, zumunci kuma wajibi. Idan ɗagawa zuwa Lahadi za ta haɗa kan gida ba tare da asara ba, babu laifi, da sharaɗin kowa ya san don zaman lafiya aka yi, ba don tsoron ranar ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma a sa ido a kai. Budurwar da ta yarda za ta yi kwantai, ita ce ke kai kuɗinta wurin boka neman farin jini, amarya kuma a ɗura mata mallaka cikin kayan gyara. Ibn Mas'ud ya ruwaito cewa asirin jawo soyayyar miji shirka ne, kuma a Sahihu Muslim wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ka sa iyaye mata su bincika abin da ake ba yarinyar.

Allah ya sanya alheri, ya kaɗe fitina. Wallahu a'alam.