Karkatar Taya: Tsakanin Ƙaddara da Amanar Bakanike

Kamba shi ne yanayin tsayuwar taya idan aka dubi mota daga gaba. Idan saman tayar ya jingina ciki, gefenta na ciki ne ke saurin cinyewa; idan ya baje waje, gefen waje ne ke ci. Idan kuma karkatar dama da ta hagu suka sha bamban, ko da rabin digiri ne, mota na iya riƙa jan sitiyari gefe ɗaya. Matsalar ta fi fitowa bayan an kwance ƙafar gaban tsohuwar mota an sake haɗa ta.

A Lafia, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, wannan aiki sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe Fijo 504. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Fijo a 1975. Ta daɗe tana jigilar mutane da doya da shinkafa a hanyoyin Akwanga, Makurɗi, Doma da Awe, kuma lodi da ramuka sukan gajiyar da ƙafarta. Idan an canza mata shokazoba da sifirin da bushin da boljoyin, tsayin gabanta yakan sauya, kamba kuma ya sauya tare da shi.

Gyaran yana da tsari. Ana daidaita iskar tayoyi, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe. Ba a ƙarasa ɗaure notocin bushin sai motar ta sauka daga jak ta zauna bisa nauyinta, domin robar da aka ɗaure ƙafa na lilo takan murɗe ta yage da wuri. Daga nan a auna tsayin dama da na hagu, a auna kamba, sannan a ƙarshe a saita tayarod. A motoci da yawa masu irin wannan ƙafa ba a tanadi wurin saita kamba ba, don haka karkatar alama ce ta ƙarfen da ya lanƙwashe ko sifirin da ya kwanta, kuma maganinta canza abin da ya lalace. Bayan ɗan yawo ana sake awo, saboda sabon sifirin yakan ƙara zama.

A nan tambayar addini take tasowa. Idan bakanike ya tsallake awon, taya ta ci gefe har waya ta fito, ta fashe ana cikin gudu, shin kalmar ƙaddara ta wadatar? Aƙidar Ahlus Sunna ita ce babu abin da ke aukuwa sai da sanin Allah da ikonsa, amma an hore wa bawa zaɓi, kuma a kan zaɓin za a yi masa hisabi. Lokacin annobar Amwas, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'arsa bai shiga Sham ba, ya kuma nuna wa sahabbai cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddara. Saboda haka imani da ƙaddara na sanyaya zuciyar wanda musiba ta samu, amma ba ya wanke wanda ya yi sakaci.

Fiƙihun Malikiyya ya yi magana kai tsaye a kan masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa a hannu. Malamai sun kafa hukuncin a kan maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba sa ganin abin da ake yi a bayan idonsu. Aikin kamba na daga cikin irin wannan ɓoyayyen aiki. Mai mota yana ganin sabon fenti, yana jin ƙarar inji, amma ba ya ganin digiri ɗaya, sai bayan watanni taya ta tona asiri. Gina ƙafa da tsohon ƙarfe a ce sabo ne, ko karɓar kuɗin awon da ba a yi ba, algus ne, kuma cin amanar fasinjan da bai san an yi cinikin ba.

Mai mota shi ma yana da nasa kason. Wanda aka gaya masa ƙarfe ya lanƙwashe, ya ce a lallaɓa saboda tsada, ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Bakanike kuwa wajibinsa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ko da za ta sa ya rasa cinikin. Tawakkali na gaskiya yana zuwa bayan an auna, an ɗaure, an gwada. Wanda ya bar waɗannan da gangan ya jingina sakamakon ga ƙaddara, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi.