Wa Ke da Iko da Sunan Mamaci?

Ranar 30 ga Yunin 1922, yaƙin basasar Ayilan na kwana na uku, wuta ta tashi a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar kotunan Four Courts a Dublin. Takardun ƙidayar jama'a na 1821, 1831, 1841 da 1851 suka ƙone, sai 'yan guntaye suka tsira. Na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da hannunta ta riga ta lalata su. Shi ya sa Ba'amurken da ya tashi neman ƙauyen kakan kakansa yakan ci karo da bango tun bai yi nisa ba.

Kuma masu neman suna da yawa. Fiye da mutum miliyan 30 a Amurka na cewa asalinsu Ayilan ne. Yunwar da ta biyo bayan cutar dankali, daga 1845 zuwa 1852, ta kashe kimanin miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Rajistar haihuwa da mutuwa ta hukuma ba ta fara ba sai 1864, bayan sun daɗe da tafiya.

Abin da ya rage wa mai bincike shi ne littafin coci, kuma a nan ne abin mamakin yake. A da, Cocin Furotesta na Ayilan shi ne cocin hukuma, saboda haka aka tattara littattafansa da yawa zuwa Dublin don a adana, suka ƙone tare da sauran. Littattafan Katolika, waɗanda hukuma ba ta ɗauke su nata ba, suka zauna a hannun limaman coci a ƙauyuka, suka tsira. Ko Falmouth Kearney, ɗan mai ɗinkin takalma da ya bar Moneygall a 1850, wanda Barack Obama ya fito daga tsatsonsa, an gano danginsa ne a littafin Furotesta da bai bar yankin ba.

To amma limamin da ya rubuta sunan jariri ranar baftisma ba tarihi yake rubutawa ba. Shaida ce ta ibada, cewa wannan rai ya shiga addini. Shin jikan da ya zo bayan shekara 150, wanda wataƙila ya canza addini, yana da ikon yin abin da ya ga dama da wannan suna?

Tambayar ba ta fatar baki ba ce. Cocin Mormon ya fara ɗaukar hoton tsofaffin takardu tun 1938, yana ajiye su a cikin dutse kusa da Salt Lake City, domin mabiyansa sun yi imani mai rai zai iya karɓar baftisma a madadin kakansa da ya mutu. A wurinsu wannan jinƙai ne, kuma suna cewa mamacin na da zaɓin ya karɓa ko ya ƙi. A 2008 fadar Batikan ta umarci bishop-bishop kada su ba su damar kwafar littattafan coci. Hujjar Batikan tana da nauyi: mutanen da aka danne ƙarni guda da dokokin hana Katolika sakat, suka riƙe addininsu, bai dace a yi musu wata baftisma ba bayan ba su da bakin magana. Sai dai jikan ma ba bare ba ne, jininsa ne ke cikin littafin, kuma da wuya a ce limami ya fi shi kusanci da mamacin.

Intanet ce ta raba gardamar ba tare da ta saurari kowa ba. A Yulin 2015 Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Dublin ya saka hotunan littattafan Katolika, galibi zuwa 1880, kyauta ga duk mai so. A shekarar da ta biyo baya kamfanonin Ancestry da Findmypast suka jera sunayen yadda za a iya laluba su da kwamfuta, ba a tambayar mai nema addininsa ko abin da zai yi da sunan.