GIGIN TSUFA DA HAƘƘIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rayuwa da mutuwa suke hannunsa, yana tsawaita kwanan wanda ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani al'amari da yake cikin gidaje da dama a ƙasar Magarya da Dungas, amma kunya ta hana a yi zancensa a fili. Shi ne halin da waɗansu tsofaffinmu ke shiga, wanda muke kira gigin tsufa ko ruɗewa. Dattijo ya sallame azahar, bayan ɗan lokaci ya tashi ya sake ta. Tsohuwa ta ci tuwo, ta ce an hana ta abinci tun safe. Wani ya fita gonar da ya noma shekara 50 ya kasa gane hanyar gida. Wata kuwa ta dubi ɗan cikinta ta tambaye shi ko shi wane ne.

Allah (SWT) ya ba mu labarin wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya bayyana cewa a cikin mutane akwai wanda ake jinkirta masa har ya kai matuƙar raunin shekaru, saninsa ya kuɓuce masa. Ya kuma tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga kai wa wannan matsayi. Ke nan jarrabawa ce irin ta makanta da kuturta da shanyewar jiki, kuma ba a hukunta imanin bawa da ita.

Likitoci sun gano cewa cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mafi yawanta, wato kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ita ce wadda ake kira Alzheimer, da sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Wata kuma tana zuwa ne idan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka lalace, sau da yawa saboda hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu wannan cuta sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ta kuma yi hasashen za su kai miliyan 139 a 2050. A Afirka kudu da Sahara an ƙiyasta su kimanin miliyan 2 a 2015, ana tsammanin su wuce miliyan 7 a 2050. Kusa da mu, binciken da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin kowane 100 na tsofaffin da aka duba suna da ita.

Dalilin wannan ƙaruwa wata ni'ima ce ta Allah. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Yaran da suka tsira daga ƙyanda da zazzaɓi su ne dattawan gobe, kuma gwargwadon yawan masu tsufa, gwargwadon yawan waɗanda gigin zai taɓa. Amma akwai bushara. A Turai da Amurka, binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa idan aka kwatanta tsofaffi masu shekaru ɗaya, sababbin kamuwa sun yi ta raguwa da kimanin kashi 13 cikin 100 a kowace shekara 10. Masana suna danganta haka ga yaɗuwar karatu da kula da hawan jini da barin taba. Ashe riƙon sababi yana da amfani a nan, da izinin Allah.

Ya bayin Allah, abu na farko da ya wajaba a kanmu shi ne tsare harshe. Tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu, ko tana kiran sunayen waɗanda suka rasu, sai ka ji an ce mayya ce, ko an ce alhakin wani ne ya kama ta. Wannan ƙazafi ne da zalunci a kan wadda ba ta iya kare kanta, kuma wanda ya faɗa zai tsaya ya amsa a gaban Allah. Haka nan waɗansu sukan ce mai ilimi na gaskiya ba ya ruɗewa, sai su munana zato ga malamin da abin ya sama. Su duba littattafan ilimin hadisi. Malamai sun keɓe babi guda ga maruwaita amintattu waɗanda haddarsu ta cakuɗe a ƙarshen rayuwa, irin su Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa da Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra. Sun karɓi abin da aka ji daga gare su kafin ruɗewa, suka dakata a kan na bayanta, kuma ba su zubar da darajarsu ba. Wannan ladabi shi ya kamata mu koya.

Na biyu, mu san hukuncin Shari'a. Hankali sharaɗi ne na taklifi, kuma hadisi ya tabbatar an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Tsohon da ya daina rarrabewa, salla ba ta kansa, azumi ba ya kansa, kuma ba a ciyarwa a madadinsa. Kada a daka masa tsawa don ya yi magariba raka'a biyar, kada kuma a bar shi da ƙishirwa a Ramadan da sunan ibada. Wanda hankalinsa ke zuwa yana tafiya, a tuna masa salla da taushin murya a lokacin da ya dawo hayyacinsa. Zakkar dukiyarsa kuwa ba ta faɗi ba a mazhabar Imam Malik, waliyyinsa ne zai fitar. Sakin da ya furta cikin gigi bai auku ba, cinikinsa da kyautarsa ba su zartar ba. Saboda haka wanda ya kama yatsan mahaifinsa da ya ruɗe ya dangwala a takardar sayar da gona, ya sani haram ya ci, ko da an tara shaidu. Mun san yadda gona ta yi ƙaranci a yankinmu, da yadda rigimarta ke raba zumunci, to mu ji tsoron Allah.

Na uku, ɗaukar nauyi. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi umarni da kyautata wa iyaye, sun ambaci lokacin tsufansu musamman, sun hana ko da kalmar ƙosawa. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ƴaƴansu masu hali, maza da mata. Amma abin da muke gani daga Bande zuwa Waca, daga Dungas zuwa Malawa, shi ne da an kammala girbi samari sun tafi cirani Kano ko Damagaram ko Agadas, an bar tsoho hannun suruka guda mai goyo. Ku sani, ya ku mazaje, hidimar mahaifinka wajibinka ce, abin da matarka ta yi kuwa alheri ne da ya cancanci godiya da taimako. Ƴan'uwa su raba kwana da kuɗi a tsakaninsu, na nesa ya aiko, na kusa ya tsaya, kada mutum ɗaya ya gaji har haƙurinsa ya ƙare.

A wajen jinya, kada a yi musu da shi. In ya tambayi abu sau 10, a amsa masa sau 10. In ya ce an sace masa kuɗi, a taya shi nema maimakon a yi ta rantsuwa. A nisantar da shi daga wuta da bakin rijiya da maganin ƙwari, a sanar da maƙwabta halinsa don su maido shi in ya ɓace, a sa takarda mai sunansa da garinsu a aljihunsa. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki kamar mai laifi, kada a bari yara su mai da shi abin dariya. A riƙa karanta masa Alƙur'ani, domin sau da yawa surorin da mutum ya haddace yana yaro suna jimawa tare da shi bayan sababbin abubuwa sun gushe.

Na huɗu, neman magani da rigakafi. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba, don haka kada a sayar da akuya a ba mai da'awar zai warkar da ita. Amma ruɗewar da ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko sukari ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma ana maganinsu. A gaggauta kai shi likita mafi kusa ko asibitin Magarya, in an tura Damagaram a je. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji da na gani, buguwar kai, rashin karatu da zaman kaɗaici. To, wanda ya kai shekara 40 ya riƙa awon tansiyo, mai kabu-kabu ya sa hular kwano, a sa yara karatu maza da mata, a riƙa kai dattijo masallaci da majalisa muddin yana iyawa.

Ya Allah ka ji ƙan iyayenmu, rayayyu da matattu, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Ya Allah ka bar mu da hankalinmu da jinmu da ganinmu tsawon rayuwarmu, ka sa mu cika da kalmar shahada. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.