Fashin Lakwal: Amanar da Za a Tambaye Mu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani ɗiyanmu amana ce, kuma kowane uba makiyayi ne da za a tambaya kan abin da aka ba shi kiwo. A shekara ta 2 bayan Hijira, da aka gama yaƙin Badar, Manzon Allah (S.A.W.) ya yarje wa kamammun da ba su da kuɗin fansa kowanensu ya koya wa yara 10 na Madina rubutu, sannan a sake shi. Wannan fa lokaci ne da Musulmi ke cikin tsananin buƙatar dukiya.

Mu kuwa yaya muke yi? Ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai da girbin gero, sai a riƙe yaro a gona. Ranar kasuwa a ɗora wa yarinya talla. Rani ya yi, a tafi ci-rani da yara. Wanda ya yi fashin mako guda ya komo ya tarar an wuce shi, ya ji kunya, ya sake fashi, har ya bari gaba ɗaya. Mafi yawan masu faɗawa wannan rami marayu ne da ɗiyan talakawa.

Kada mu manta da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 cikin hamada, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su, kuma 52 daga cikinsu yara ne. Allah Ya jiƙan su.

Saboda haka, uba ya riƙa leƙa lakwal ko sau ɗaya a mako, ya tambayi mushe ko ɗansa na zuwa. Uwaye mata su maida talla bayan an tashi. Malaman allo su tsara karatu da asuba da maraice, domin yaro ya samu duka biyu. Mawadata su tuna da gidajen marayu wajen fidda zakkar hatsi, gama yaron da ya kwana da yunwa ba ya zaman aji. Wanda ya ga ɗan maƙwabcinsa na yawo a tasha da hantsi, ya kama hannunsa ya kai shi.

Ku kuma malaman lakwal, ku ji tsoron Allah. Albashin ranar da aka bar yara babu uzuri ba halal ba ne.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.