INA ZA KA ƘARASA SAURAN KWANAKINKA? NASIHA GA 'YAN UWANMU MAZAUNA ƘETARE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, makon jiya bayan sallar isha'i wani dattijo ɗan asalin Gummi ya kira ni daga Jidda. Na san shi tun ina ɗalibi a Madina, don duk sanda muka sauka Jidda a gidansa muke cin tuwo. Shekara talatin da 'yan kai yana tuƙin mota a can. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Malam, ƙarfi ya ƙare. Ido ya fara ba ni matsala, kafilina kuma ya ce daga bana ba zai sake sabunta mini iƙama ba. Abokaina na cewa in lallaɓa in shige Madina in ɓuya har Allah Ya karɓi abinsa a rufe ni a Baƙi'a. Babban ɗana na cewa mu koma Masar. Tsohuwata tana Gummi, ta doshi casa'in, kullum tambayarta ɗaya, yaushe zan dawo. Ni kuma in na tuna hanyar Anka zuwa Daki Takwas sai gabana ya faɗi. Me addini ya ce?"

Na ce masa: "Baba, ba ni kwana biyu in yi nazari." Da izininsa nake rubuta amsar a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Akwai mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum a Makka da Jidda da Dubai, akwai likitoci da malaman jami'a a Ingila da Amurka, kuma duk wanda furfura ta fara kama shi wannan tambayar tana hana shi barci.

Mu fara da abin da ba shi da shakka. A ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, Allah Ya lissafa abubuwan da Ya keɓe wa kansa saninsu, kuma daga ciki akwai ƙasar da kowane rai zai mutu a cikinta. To kun ga, wurin mutuwa ba ya hannunka. Abin da ke hannunka shi ne wurin zama, kuma a kansa za a tambaye ka: me ya zaunar da kai a can, haƙƙin wa ka sauke, haƙƙin wa ka tozarta.

Falalar Madina gaskiya ce, ba mai imanin da zai raina ta. Tirmizi ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da wanda ya samu iko ya mutu a Madina, ya yi masa alkawarin ceto. Sayyidina Umar ya roƙi Allah shahada da mutuwa a garin Manzon Allah, aka ba shi duka biyun. Ni ma na zauna a garin nan, na bi jana'iza zuwa Baƙi'a bayan sallar asuba, na san yadda zuciya take ji. Amma hadisin da kansa ya ɗaura maganar a kan iko. Wanda zai zauna ba takarda, yana gudun jami'an jawazat, ba ya iya zuwa asibiti, 'ya'yansa ba sa iya shiga makaranta, ƙarshenta a kama shi a kai shi tarhil yana ɗan shekara saba'in, wannan bai samu iko ba. Kuma ya shiga ƙasar ne bisa sharaɗi, mumini kuwa ba ya warware alkawari don neman lada.

Ku tuna wasiƙar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Abud Darda'i yana Sham ya rubuta wa ɗan uwansa Salmanul Farisi yana kiransa zuwa ƙasa mai tsarki. Salman ya mayar masa da amsa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne yake tsarkake shi. Ai sahabbai sun fi mu son Madina, amma ku duba inda kaburburansu suke. Bilal a Sham, Amru ɗan Asi a Masar, Ibnu Abbas a Ɗa'ifa, Abu Ayyubal Ansari, wanda Annabi ya sauka a gidansa, a bakin ganuwar birnin da yau ake kira Istanbul. Ba wanda darajarsa ta ragu don an rufe shi nesa da Baƙi'a. Munafukai kuma an rufe su a Madina, bai amfane su da komai ba.

Sai mu zo kan lissafi, don tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba su cika ba baƙo takardar zama ɗan ƙasa ba, ko da a can aka haife shi. Iƙamarka tana rataye da aikinka, ranar da aiki ya ƙare ita ma ta kama hanyar ƙarewa. Tun watan Yulin 2017 Saudiyya ta sa kuɗi a kan kowane mutum ɗaya na iyalin baƙo, aka fara da riyal 100 a wata, zuwa 2020 ya kai riyal 400. Mai mata da 'ya'ya biyar ya buga lissafi ya gani. A 2019 sun fito da iƙama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili, amma ta dindindin ɗin riyal 800,000 ce. Wane direba ne zai tara wannan? Dubai tana da bizar ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai shekara 55, ita ma sai mai gida ko ajiya ko kuɗin shiga mai kauri. Kuma kar mu manta, a 2022 Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai a watan Yulin 2024. Wanda kuma yake sa ran ya zauna a Masar ko Turkiyya da fansho ko hayar gidan da ake turo masa da naira, ya tuna abin da ya faru bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Wanda ya je da girmansa sai ya wayi gari yana roƙon ɗalibai kuɗin haya.

Sudan kam ta ishe mu wa'azi. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Fiye da shekara ɗari Hausawa da Fulani suna ganin Sudan gida ce ta biyu. Da yawa sun sayi gidaje a Khartum da niyyar a nan za su tsufa, kusa da Makka, ga karatu, ga sauƙin rayuwa. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke. Ɗalibanmu suka kwana a sahara a kan iyakar Masar suna jiran a buɗe musu hanya. Wanda ya gudu daga Zamfara don neman aminci ya tarar da bama-bamai a can. Aminci kyauta ce ta Allah, ba ƙasar da ta riƙe takardar mallakarsa.

Kada wani ya ɗauka ina shafa wa gida mai ne. Ni a nan nake, na san abin da muke ciki. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar nan, wanda ke Jidda ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi maganar rayuka kusan 200. A damunar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Kuma kowa ya sani, wanda aka ji ya dawo daga Saudiyya, masu kai rahoto daji suna ganinsa tamkar buhun kuɗi. Saboda haka tsoron Baba ba raunin imani ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya tura sahabbansa Habasha saboda a can akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Kare rai wajibi ne, kuma ba zan taɓa ce wa dattijo ya je ya tare a ƙauyen da mutanensa suka watse ba.

To mene ne ma'auni? Ga abin da na faɗa wa Baba, ga shi kuma gare ku.

Na farko, addininka da na zuriyarka. Ina ne za ka ji kiran salla ka iya takawa masallaci da sandarka? In ka kwanta ciwo wa zai juya ka, wa zai laƙƙana maka kalmar shahada, wa zai wanke ka? Wannan tambayar ta fi shafar 'yan uwanmu na Turai da Amurka. Asibiti mai kyau ni'ima ce, amma tsufa a gidan kula da tsofaffi, inda ba mai ce maka lokacin salla ya yi, abin dubawa ne tun da sauran ƙarfi.

Na biyu, haƙƙin da ke wuyanka. Wani ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e, sai ya mayar da shi gare su. In jihadi ya jira saboda uwa, ina ga zaman neman falala? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrila har Agadas, malamin ya wuce hajji, shi kuma ya juyo gida don mahaifinsa bai ba shi izini ba. Har ya rasu a Sakkwato a 1817 bai samu zuwa Makka ba, kuma ba wanda ya ce ya yi asara. Ƙaninsa Malam Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya kama hanyar gabas da niyyar ba zai dawo ba. Da ya isa Kano mutane suka nuna masa suna buƙatar iliminsa, ya zauna ya karantar, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma gida, a Gwandu ya rasu. Malaman da muke alfahari da su ke nan, buƙatar mutane ta rinjayi begensu na Harami.

Na uku, halaccin zama. Duk inda zamanka zai dogara da ƙarya, ko takardar bogi, ko ɓuya, cire shi daga lissafi ko da Makka ce.

Na huɗu, abubuwa uku da Annabi (SAW) ya ambata a hadisin Tirmizi, cewa wanda ya wayi gari da su kamar an tattara masa duniya ne: aminci a gidansa, lafiya a jikinsa, da abincin yininsa. Ɗauki takarda ka rubuta kowace ƙasa, ka auna ta da waɗannan ukun da gaskiya. Mai ciwon suga ko ƙoda ya tambayi kansa nisan da ke tsakaninsa da asibiti. Mai ɗan jari ya tambayi kansa shekara nawa zai ɗauke shi.

Na biyar, shawara da istihara. Matar da ta yi shekara talatin tana haƙuri da kai a ɗaki ɗaya a ƙasar mutane tana da bakin magana. 'Ya'yan da aka haifa a can, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, kada a kwaso su kamar kaya a zube. A nema musu fasfo da lambar NIN tun yanzu, a kawo su hutu su san dangi, su san gonar kakansu.

Da muka auna na Baba da wannan ma'aunin, Madina ta fita saboda ba takarda, Masar ta fita saboda jarinsa ba zai wuce 'yan shekaru ba, kuma ga tsohuwa tana jira. Sai na ce masa: "Baba, dawowa gida ba dole sai ka tare a ƙauye ba. Ka kama gida a Sakkwato, ko cikin garin Gummi in 'yan uwa sun ga da hali. Ka dawo shiru, ba gayya, ba walima. Ka ɗauko Inna ta zauna kusa da kai, ko ka riƙa zuwa kana kwana biyu wurinta. In Allah Ya hore, Umra tana nan, ka je da biza ta halal. In Ya rubuta Baƙi'a ce makwancinka, wallahi ko kana Gummi sai Ya ƙirƙiro maka buƙatar da za ta kai ka." Ya yi shiru, sannan ya ce zai yi istihara ya kira tsohuwarsa. Ban sani ba ko ya yanke shawara, ku sa shi a addu'a.

Ba na cewa hukuncin kowa ɗaya ne. Wanda iyayensa suka rasu, yana da zama na halal da abin hannunsa, 'ya'yansa suna tare da shi a kan addini, ya zauna inda yake, ba laifi. Sai dai kada ya manta da mu. Ilimin da ya tara da dukiyar da ya samu, marayun Anka da Bukkuyum suna da rabo a ciki.

Mu kuma na gida, da sauran gyara a wurinmu. Da yawa sun ƙi dawowa ne saboda ɗan uwa ya cinye kuɗin ginin da suka yi shekara ashirin suna turowa, ko ya sayar da filin. Wanda amanar ɗan uwansa ke hannunsa ya ji tsoron Allah ya mayar tun kafin a haɗu a inda ba naira ba riyal. In sun dawo kuma kada mu tarbe su da jerin buƙatu, kada mu yi ta yaɗa labarin abin da suka zo da shi, don wata maganar a bakin kasuwa ita ce ke kai mutum daji.

Ku kuma matasa da kuke shirin fita, ku yi wannan lissafin tun yau. Annabi (SAW) ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya umarci wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ka fita da niyya, ka san abin da ka je nema, ka san ranar da za ka ce ya isa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya tsare bayinsa na gida da na ƙetare. Allah Ya sa ƙarshen maganarmu ta zama kalmar shahada, a duk ƙasar da Ya zaɓa mana. Wanda ke da ɗan uwa a waje ya tura masa wannan.

Wallahu a'alam.